Jakar Ɗauko Naman Elk

Wata goma sha huɗu da tafiyar mijina na fara neman jakar. Tare muka zo Kuala Lumpur karatu, shi digiri na uku, ni na biyu. Muka kama gida a hawa na tara na wani dogon bene a Taman Melati, inda in ka buɗe tagar kicin za ka ga jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa, can bayansa kuma duwatsu ne da bishiyoyi suka lulluɓe. Da ya gama, sai ya samu aikin bincike a wata jami'a a yammacin Amurka, a wata jiha mai duwatsu da dusar ƙanƙara. Shirinmu ba shi da wuya a baki: ya tafi ya kama wuri, ya turo mini takardu, in bi shi. Na je neman biza sau ɗaya, ba a ba ni ba. Ya ce kada in damu, zai sake cike takardun. Na shiga digiri na uku don kada zaman ya zama na banza, na ci gaba da jira.

Da littattafan soyayya na girma. Tun ina aji biyu na sakandare nake karɓar hayarsu a wani ɗan shago a bakin kasuwar unguwarmu, in cusa su a tsakiyar littafin lissafi in yi ta karatu, mahaifiyata tana sa mini albarka. A cikinsu na koyi kallon namiji ta ƙasan ido, da yin fushin da bai kai zuci ba. Na kuma koyi wani abu da na riƙe kamar karatun allo: duk sanyin da zuciyar namiji ta yi, akwai abu guda da zai dawo da ita, kuma aikin mace ne ta gano shi. Wata wasiƙa take rubutawa, wata girki, wata ciwo ne yake kwantar da ita sai ga shi a bakin gado yana hawaye. Ban taɓa karanta labarin da abin ya gagara ba. In ya gagara a littafi na ɗaya, zai yiwu a na uku.

Sanyin nasa bai zo da faɗa ba. Safiyata ita ce yammacinsa na jiya, don haka nakan kira shi kafin in fita makaranta, shi kuma ya dawo daga aiki. Da farko mukan yi awa guda, har shayina ya huce. Daga baya hirar ta koma gaisuwa. Ya aiki, ya sanyi, ya malaminki, kin ci abinci. Sai mu tsaya muna kallon juna a waya, ni ina gyara ɗankwali, shi yana duba wani abu a gefe. Da can Gimbiya yake ce mini. Ban san ranar da ya daina ba, na dai lura wata rana cewa na daɗe ban ji ba.

Abu ɗaya ne yake sa shi magana, wato elk. Wani abokin aikinsa Bature ne ya tafi da shi farauta cikin duwatsu a kakarsa ta farko a can. Ya ce mini dabbar kamar barewa take, amma ta kusa kai doki girma, ƙahon namijin kuma kamar an dasa masa busasshiyar bishiya a ka. Kakan mijina maharbi ne, ya rasu tun mijina yana ƙarami, sai burgaminsa na fata da aka rataye a zaure. Ranar da ya ba ni labarin farautar nan har tashi tsaye ya yi yana kwatanta mini da hannu.

"Harbin ba shi ne aiki ba," in ji shi. "Ɗaukowar ce. Mota ba ta shiga wajen. A nan inda ta faɗi za a feɗe ta, a rarraba, kowa ya goya a baya, a yi tafiyar awa uku, a sauke, a koma. Jakar aro suka ba ni, wallahi sai da ta saɓule mini fatar kafaɗa."

Ya ja wuyan rigarsa ya nuna mini tabon. Na kai yatsa na taɓa gilashin waya.

Tun daga ranar, duk lokacin da shirun nan ya sauko mana, sai in ce, "Yallaɓai, ya labarin elk?" Sai ya gyara zama ya fara. Yadda kukan namijin yake kamar busar sarewa. Yadda ake tafiya iska tana bugun fuska don kada ta ji warin mutum. Na ce a raina, ga shi nan, na gano. Kaka tana sake zagayowa, zan saya masa jakar da ba za ta ci masa kafaɗa ba, duk inda ya taka a dajin nan ina manne a bayansa.

Na shiga bincike fiye da yadda nake yi wa karatuna. Ina zaune a ɗakin karatu na jami'a, takardun da malamina ya ba ni suna gefe, ni kuwa ina kallon wasu ƙarti masu gemu suna bayanin jakunkuna. Na gane cewa jakar farauta ba jakar 'yan hawan dutse ba ce. Tana da ƙarfen baya, wanda shi ne ƙashinta. Ana iya raba buhun da ƙarfen, a buɗe wani fili a tsakaninsu, a nan ake ɗora naman a ɗaure shi tamau, don nauyin ya kwanta a jikin bayan mutum, jini kuma kada ya taɓa tufafi da abinci. Tana da ɗamara mai kauri da ake ɗaurawa a ƙugu. Yadinta ba ya ƙara in reshe ya goge shi. Har zif ɗinta an yi shi ne don kada ya yi kuka. Na cika shafi huɗu da rubutu, na ja layi a ƙarƙashin abin da ya fi muhimmanci.

Maƙwabciyata a benen wata 'yar Jos ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya da ta zo ƙarin karatu. Ta girme ni da kusan shekara goma, Anti nake ce mata, ita kuma Amarya take ce mini duk da na shekara shida da aure. Ta shigo aron albasa ta tarar da ni ina kallon wani mutum yana ɗaure cinyar dabba a jaka.

"Amarya, lafiya? Mahauta za ki shiga?"

Na yi mata bayani. Ta zauna a hannun kujera tana kallona.

"Tsaya in gane. Mutumin yana ƙasar da ake yin jakar. Ke kina ƙasar da ko akuya sai an shigo da ita. Ke ce za ki saya masa?"

"Kyauta ce, Anti."

"You no well o. Ki aika masa yaji da kilishi kamar kowa."

"Kowa ai shi ne matsalar."

Ta ɗauki albasarta, ta tsaya a bakin ƙofa. "Ya turo takardun?"

Na ce yana kan shiri. Ta ce to, Allah ya sa, ta ja ƙofar a hankali.

Shaguna biyar na shiga a manyan kantunan cikin gari. Ko'ina jakar 'yan hawan dutse ce, ja da shuɗiya da ruwan lemo. In na ce ta ɗaukar nama nake so, sai su nuna mini akwatin ƙanƙara. A shago na biyar wata yarinya mai sayarwa ta rubuta mini kwatancen wani dattijo a wajen Titiwangsa, ta ce in bai da ita zai san inda take.

Shagon yana saman wani gidan abinci, ana hawa ta wata siririyar matattakala mai warin soyayyar albasa. Mai shagon Bamale ne, wato ɗan asalin ƙasar, tsohon soja, gajere, furfura ta cinye masa kai. Pakcik na ce masa, kamar yadda ake ce wa duk dattijo a nan, shi kuma ya ce mini adik, wato ƙanwa. Turancinsa haɗe yake da Malayanci, nawa haɗe da Hausa, amma mun fahimci juna. Da na karanto masa abin da na rubuta, ya cire tabarau ya dube ni da kyau. Ya ce a shekarunsa na shago ba a taɓa tambayarsa wannan ba. Yana da guda ɗaya da wani ya sa aka kawo bai dawo ya karɓa ba, amma ƙarama ce. Zai iya sa a kawo mini babba daga waje, sati uku.

Ya sauko da ƙaramar don in gani. Launin ƙasa ce, ba ta da wani kyau. Ya zuba buhunan yashi biyu a filin naman, ya ɗaure, ya ce in juya. Da ya sakar mini ita sai da gwiwata ta lanƙwashe. Ya zagayo ya nuna mini in ja ɗamarar a kan ƙashin ƙugu, ba a ciki ba. Na ja. Nauyin ya bar kafaɗata ya sauka ƙasa, kamar wani ya zo ta baya ya tallafa mini. Na yi taku huɗu zuwa taga na dawo, hijabina ya tattare a wuya, ina dariya ni kaɗai.

"Haka ake gane jaka," in ji shi. "In kafaɗa ce take ɗauka, ba taki ba ce. To, tsawon bayan mijinki nawa ne?"

Na ce dogo ne.

"Dogo ba awo ba ne, adik." Ya sunkuyar da kai ya taɓa ƙashin da yake fitowa a gindin wuya, ya gangaro da hannu zuwa ƙugu. "Daga nan zuwa nan. Inci nawa?"

Ban sani ba. Na san takalminsa, na san wuyan rigarsa, na san cokali nawa na sukari yake sha. Na ce zan kawo rigarsa da ya bari. Ya ce riga ba baya ba ce. Ya ce in tambaye shi mana. Na ce ai ba na so ya sani.

Sai na tuna yadda nake zuwa ta bayansa in yana wanke kofi a kicin in jingina. Na ce wa dattijon goshina yana sauka ne daidai tsakanin allunan kafaɗarsa, hannuwana kuma in na zagaye shi suna tsayawa a kan bel ɗinsa. Ina faɗa kunya ta kama ni. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko tef irin na tela, ya ce in tsaya a jikin bango in nuna masa da hannu. Ya sa alli a daidai goshina, ya sa a daidai hannuwana, ya ƙara ɗan tsawo a sama, ya auna. Ya ce matsakaici zuwa dogo, kuma ƙarfen ana iya matsar da shi kaɗan in mun kuskure. Na sauko daga benen nan ina jin kamar yanzu na rabu da mijina a ɗaki.

Kafin in fita ya ce mini akwai tela a ƙasa da yake ɗinka wa masu hawan dutse sunayensu a marfin jaka, in ina so. Na ce ina so ƙwarai, da zare ruwan zinariya.

A nan akwai wata 'yar matsala da ban faɗa masa ba. Ban taɓa kiran sunan mijina da bakina ba. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗar na mahaifina ba, ko wani yaro mai irin sunan ne ya shigo gidanmu sai ta sa masa wani. Ƙawayena na jami'a suna kiran mazajensu kai tsaye, wasu har da gajartawa, amma ni abin ya dace da ni ta fuska biyu, ga kunyar gida ga kuma daɗin da littattafai suka koya mini na laƙabi. Don haka da na koma gida na yanki 'yar takarda na rubuta sunan da manyan baƙaƙe, na naɗe na sa a jakar hannuna. Ranar da mai shagon ya tambaya sai in miƙa masa kawai.

Bayan kwana biyu na koma don a tabbatar da odar. Na tarar da shi da son hira. Ya fito da wasu fararen buhuna na yadi marar nauyi, ya ce a ciki ake sa naman kafin a ɗora a jaka, don ya sha iska kuma ƙuda kada ya hau. Muka shiga lissafin buhu nawa cinya za ta ci, nawa haƙarƙari. Ya ce shi barewar dajinsu kawai ya sani, ƙarama ce, mutum ɗaya yana saɓa ta. Ni kuwa ina ta ƙoƙarin kwatanta masa girman dabbar da ban taɓa gani ba, ina buɗe hannuwa. Kaina cike yake da tsoka da ƙashi. Ana cikin haka ya jawo littafin odarsa, ya ɗaga biro, ya dube ni ta saman tabarau.

"Nama?"

Na ce, "Elk."

"Elk?"

"Eh, elk."

"E, L, K?"

"Haka ne, Pakcik."

"Gajere," in ji shi. "Boleh." Wato zai yiwu. Ya rubuta.

Shekara huɗu ina ƙasar nan. A kan kowace takarda ta makaranta, ta asibiti, ta shige da fice, kalmar farko a sama ita ce nama, kuma na san suna take nufi a harshensu. Duk Bahaushen da ya sauka a nan sai ya yi dariyar wannan a satinsa na farko, daga nan ya manta. Amma a ranar, a tsakiyar zancen cinya da haƙarƙari, da kunnen gida na ji ta. Har wani daɗi na ji, wai dattijon nan ya san kalma ɗaya ta Hausa. Na sauko da takardata a naɗe a jaka, ina cewa sai ranar karɓa zai tambayi sunan.

Sati uku da kwana biyu ya kira ni. Anti ta ce za ta raka ni ta ga abin da ya hana ni barci. Muka hau jirgi zuwa Titiwangsa, muka ƙarasa da ƙafa, ana yayyafi. Ya ɗora jakar a kan tebur, ya zare ledar da kansa yana murmushi. Babba ce, ta kai ƙirjina in an tsayar da ita. A kan marfin, da zare ruwan zinariya, da rubutu mai lanƙwasa irin na katin biki, an ɗinka ELK.

Na tsaya ina kallo. Na ce, "Pakcik, wannan fa?"

"Sunan mijinki. Ke kika faɗa."

Anti ce ta fara ganewa. Ta dafa tebur, ta sunkuya, kafaɗunta suna rawa. "Amarya! Nama ya ce miki, ko? Jesus. Kika ce masa elk." Ta juya ta yi wa dattijon bayani cewa a harshenmu nama shi ne abin da suke ce wa daging. Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi jakar, sai ya zauna a kan kujera ya cire tabarau yana share ido.

"Ni ma na yi mamaki," in ji shi. "Na ce wa tela, mutanen Afirka suna da sunaye masu ƙarfi."

"Ranka ya daɗe Alhaji Elk," in ji Anti. "Mai ƙaho goma sha biyu."

Da suka lafa, ya ce zai iya sa a warware, amma allura ta riga ta huda yadin, ruwa zai riƙa shiga ta wajen. Ko kuma a ɗinka wani ƙyalle a kai da sunan gaskiya. Ya sake ɗaga biro. Na sa hannu a jakata na taɓa takardar, sai na fasa. Wani tunani ne ya zo mini. Mijina yana da wata dariya da take farawa ba sauti, sai ya kama ciki, sai ta fashe daga baya har ya yi tari. Rabona da ita tun a filin jirgi. Na ce a raina jakar kyauta ce, amma wannan kuskuren ya fi ta. Na ce a bar shi haka.

Na goyo ta har gida, babu komai a ciki, ƙarfen yana bugun ƙofar jirgi, yara 'yan makaranta suna kallona. Kwana uku ina shirya yadda zan ba da labarin. Na gwada a gaban madubi. Na san inda zan tsaya, inda zan kwaikwayi muryar dattijon, inda zan ɗago jakar.

Ranar Asabar da safe na yi wanka, na sa kwalli, na ɗaura atamfar da ya fi so. Na ɓoye jakar a bayan kujera na kira shi. Yana zaune a kicin ɗinsa, hasken yamma yana shigowa ta bayansa. Muka gaisa. Na fara.

Na ba da labarin yadda na tsara, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na zo wajen "gajere, boleh" na ɗago jakar na kawo marfin kusa da waya. Ya matso ya karanta. Ya yi murmushi, ya ce, "Kai." Na jira sauran. Ya koma ya jingina.

"Wannan ai ta ƙwararru ce," ya ce.

"Ai ƙwararren zan ba."

Ya shafa fuska da hannu biyu. "Sau ɗaya fa na je."

"Na sani, bara. Ai shi ya sa na ce kafin ta bana."

"Ba zan je ta bana ba. Ban ma nemi izini ba. Wancan ɗin ma ban harbi komai ba, ɗauko kawai na taya su. Ban ji daɗinsa ba. Da aka buɗe cikinta sai da na koma bayan dutse na yi amai."

"To duk labaran nan fa?"

"Ke kike tambaya," in ji shi. "In kin tambaya sai in samu abin da zan ce miki. Wasu ma a bakin mutumin na ji su."

Jakar tana kan cinyata, ta yi mini nauyi, na sauke ta ƙasa. Na ji jirgi ya wuce a waje. Na ce, "Takardun fa?"

"Suna nan."

"Ka cike?"

"A'a."

"Akwai wata ne?"

Ina tambayar ina fatan ya ce eh. Wannan na san shi, na karanta shi sau ɗari, na san abin da ake yi a shafi na gaba. Ya ce wallahi babu, kuma na san muryarsa in yana faɗar gaskiya.

"To mene ne, Yallaɓai? Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ni ma na rasa gane kaina. Ina dawowa daga aiki in buɗe ƙofa in tarar da shiru, sai in ji daidai ne. Ina jira in ji kewa, in ji gidan ya yi mini faɗi. Wata da watanni ina jira."

"Saki na za ka yi?"

"Ban ce ba."

"Ɗauko ni za ka yi?"

Ya dubi gefe. Ya ce magariba ta yi a wajensu, zai yi salla. Ya ce in yi haƙuri, kuma jakar tana da kyau, da gaske yake. Ya ce kada in wahalar da kaina wajen aikowa tukuna.

Ban suma ba, ban fasa kofi ba. Na zauna da atamfata da kwallina har rana ta hau tagar. Wajen sha ɗaya Anti ta ƙwanƙwasa, ta leƙo da kai.

"Ya aka yi? Alhaji Elk ya yi dariya?"

Na ce ya yi murmushi. Ta dube ni, ta shigo ta rufe ƙofa, ta wuce kicin ta ɗora ruwa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta zauna tana ba ni labarin wani malaminsu da yake barci a taro, har na sha shayin.

Yau wata bakwai ke nan. Bai sake ni ba, bai cike takardun ba. Yana kira duk ranar Juma'arsa, ba ya fashi. Yana tambayar karatuna, ina tambayar sanyi. Minti biyar, wani lokaci shida. Mahaifiyata in ta kira takan ce yaushe ne tafiyar, in ce mata ana kan shiri, ta ce Allah ya kawo lokacin. Saura babi biyu in gama rubutun digirina, izinin zamana a ƙasar nan kuma tare da shi zai ƙare. Malamina yana yaba mini, wai ban taɓa kawo aiki mai tsabta irin na bana ba, sai dai ya rasa abin da ya sa kowane babi yake ɗaukar mini wata uku.